Wa Ya Yanka?

Ajuma ta taka kan giwan ruwan da ƙafa, ta zaro wuƙa daga ƙugunta, ta tsaga shi daga wuya har wutsiya da ja ɗaya. Kayan ciki suka zubo a kan tabarmar kaba, ƙudaje suka tashi suka sake sauka. Ba ta ɗaga kai ba, amma ta san mai inuwar da ta faɗo mata a kan kifi. Duk mashigin Gaya mutum ɗaya ne ke tashin warin man mota da turaren kanti a lokaci guda.

"Matata, sannu da aiki," in ji Dodo. "Wuƙar gidanmu dai har yanzu ƙarni take sha?"

"Kifin da ka ci jiya da ita anka gyara shi. Ban ga ka maido kwano da saura ba."

Matan da ke wanki a gefe suka kwashe da dariya. Dodo ƙanin marigayi Sallau ne, mijin Ajuma, kuma kowa ya san akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta. Ya kira ta matarsa, ta kira shi malalaci, ya sace mata kifi, ta ɓoye masa hula, babu mai shiga tsakani. Abin da masu dariyar ba su kula da shi ba, a kan maganar wuƙar nan Dodo ba wasa yake yi ba, Ajuma ma haka. Sai dai duk abin da ya fito daga bakin ɗayansu, kafin ya kai kunnen jama'a ya riga ya zama raha.

Wuƙar kuwa ba ta ado ba ce. Tsawonta bai wuce taƙi da rabi ba, ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe tun daga tsini har cikin mariƙi, an naɗe mariƙin da jar fata wadda gumi ya mayar baƙa. Wani maƙeri a Bengu ne ya ƙera wa Sallau ita tun yana saurayi yana bin fataken goro, kuma a dantsensa na hagu take kwana take tashi. Ranar da ciwo ya ci ƙarfinsa aka kai shi gidan likita a Doso, anfarme, mai jinyar marasa lafiya, ya ce ba a kwanciya a gadonsu da makami. Sallau ya zare kuben daga dantsen da ya rame, ya miƙa wa Ajuma, ya ce, "Riƙe mini har in fito." Bai fito da ƙafarsa ba.

Da aka zo rabon gado, an raba jaki, an raba riguna, har buta an san wanda ya ɗauka. Dodo ya ce saura wuƙa, tunda marigayin bai bar ɗa namiji ba. Ajuma ta aiko da amsa daga cikin gida cewa wuƙa ba gado ba ce, ajiya ce, kuma mai ajiyar bai ce ta ba kowa ba. Malam Zakariya'u, wanda ke rabon, ya shafa gemu ya ce a bar maganar sai wani lokaci. Wani lokacin ne har yau bai zo ba.

Tun daga nan ta ɗaura kuben a ƙugu da igiya, a ƙarƙashin naɗin zane. Da ita take gyaran kifi, da ita take fere rogo, ta yanke igiyar da ta cukurkuɗe, ta saro kaba, ta gyara asuwaki, ta ciro ƙaya daga ƙafar maƙwabciya. Kowace safiya kafin masunta su iso sai ta wasa ta, ta goge da ganye. Ranar da wani gardi ya zo yana lalubar kwandon kifinta da hannu bibbiyu, sai kawai ta zaro wuƙar ta shiga yanke farce, shi kuwa nan take ya tuna ana nemansa a bariki. Akwai kuma abin da ba ta gaya wa kowa: in ta ji nauyin ƙarfen a ƙugu, sai ta ji kamar ba ita kaɗai ta fito daga gida ba.

Dodo ya tsuguna a gefen tabarma. Shi shofer ne, wato direba, yana jan kamyon wani attajiri, babbar motar kaya, ya kai gyaɗa Faraku ya komo da simintin gadar da Nasara ke ginawa a kan kogi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar wuƙa mai ƙyalli, ya buɗe ta, ta ce ƙyas, ya sake ninkewa.

"Dubi abin da na kawo miki. Ta Faransa ce. Ki ninke ki ƙulle a bakin zane, ba mai sanin kina da ita. Wagga ita ta dace da mace. Ki ba ni ta yayana in sa a dantse, inda ta saba zama."

Ajuma ta karɓa, ta juya ta, ta buɗe ta rufe. "Wuƙa mai durƙusawa? In ta durƙusa mini a tsakiyar aiki, a kan yatsan wa za ta durƙusa?"

"Ki dai riƙe, kyauta ce." Ya miƙe ya bar ta a kan tabarma. "Kuma ki saki fuska, wasa nike."

"Ni ma," ta ce, ta jawo kifi na gaba.

Ban da wuƙar, dukiyar Ajuma a duniya ita ce wani jan sa. Ta saye shi yana ɗan maraƙi, daga ƙashi sai fata, ta yi ta ɗawainiya da shi da dusa da harawa da kanwa har ya yi tozo ya cika ido. Niyyarta in Babbar Salla ta matso ta sayar da shi ta sayi jirgin kanta, ta huta da zaman jiran masunta a gaɓa suna yi mata yanga. Tana ɗaure shi a fadama, bayan mashigi, kusa da wata gonar dawa da aka girbe wadda damshi ya sa ta sake tofo. Kowa ya san gyauron dawa, kore shar mai daɗin gani, amma in dabba ta cika ciki da shi sai dai ikon Allah.

Wata ranar Juma'a, rana ta take tsaka, ladan ya yi kira, maza sun ɗauki buzaye da tabarmi sun nufi masallaci. Mashigi ya yi tsit. Har bak, jirgin ƙarfen da ke ƙetarar da motoci, an ɗaure shi a can ƙetare. Ajuma na jera kifi a kan wutar banda sai ga Bibata, matar wani masunci daga wajen Tunuga, ta sheƙo a guje tana dafe da zane. Bibata Hausar kasuwa take yi, ba ruwanta da naka ko naki.

"Ajuma! Sa naka ya tsinke igiya, ya ci gyauro, ya kwanta!"

Ta same shi kwance a gefe ɗaya cikin gonar, ciki ya kumbura kamar ganga, kumfa na fita ta hanci, ido ya juye. Ta taɓa ganin irin haka, ta san abin da ya rage ba shi da yawa. In wuƙa ta riga rai fita, nama ne, a kira mahauta. In rai ya riga, mushe ne, a ja shi daji a bar wa ungulaye, ita kuma ta koma gaɓa ta ci gaba da jiran masunta har tsufa.

"Namiji! Ku nemo namiji!"

To, wa za a nemo? Masallaci na can cikin gari, liman ya riga ya fara huɗuba, kuma ba a taɓa jin mace ta keta sahu ta jawo mutum ba. Aka dai tura wata daga cikin matan wanki ta je ta tsaya a bakin masallaci ta jira a sallame. Sauran suka yi cirko-cirko suna waige-waige. Namiji ɗaya ne ido ya gani, wani magini mutumin Dahome daga cikin ma'aikatan gada, yana zaune a gindin giginya yana shan garin rogo. Ya ajiye kwano ya zo, ya dubi san, ya taɓa ɗan gicciyen da ke wuyansa.

"Mama, ni in na yanka, ba ku ci," ya ce. "Na sani. Amma ina iya riƙe ƙaho."

Abin haushin ke nan. Ga namiji ba salla, ga masu salla ba namiji, ga kuma wuƙa mai ci a ƙugu. A Gaya kuwa mace ko kaza ba ta yankawa. Sai ta ɗauko ta ta fito ƙofar gida tana neman ko wane irin namiji, ko da wanda bai iya tsarki ba ne, ta roƙe shi ya taimaka. Ajuma ta tashi ta ga ana yin haka, ba ta taɓa tambayar dalili ba. San ya ja wani dogon numfashi, ƙafarsa ta baya ta fara miƙewa.

"Ku juya mini shi gabas," ta ce.

"Kai, Ajuma!" in ji Bibata. "Mace ba ya yanka. Haramun ne."

"Ki kama wutsiya, ma yi maganar haramun daga baya."

Maginin ya kama ƙaho ya murɗe kan, mata suka kama wutsiya da ƙafafu suna ja suna salati, har san ya fuskanci alƙibla. Ajuma ta ɗaure zane tamau, ta durƙusa, ta sa gwiwa a kan wuyan. Ta sha ganin Sallau yana yanka, don a zamaninsa duk wanda akuyarsa ta faɗi a unguwa shi ake kira. Ita ke tsayawa da ruwan wanke hannu, tana jin yana gaya wa mutane ƙa'ida: a laluba ƙullin maƙogwaro a bar shi wajen kai, a yanke maƙogwaron da jijiyoyin nan biyu, kada a ɗaga hannu sai an gama. Ta laluba. Ta ce, "Bismillahi, Allahu Akbar," muryarta ta fito siririya har ta ba ta haushi. Sannan ta ja.

Fatar sa ba fatar kifi ba ce. Ta ji ƙarfen ya tsaya, ta danna da dukan nauyinta, ya wuce. Jini ya yi tsartuwa ya wanke ta har gwiwar hannu, san ya yi harbi da ƙafa, ya fizge wutsiya har Bibata ta faɗi zaune. Da ransa aka yanka shi, kowa ya gani. Ajuma ba ta ɗaga hannu ba sai da ta ji bakin wuƙar ya taɓa ƙashi.

Da ta miƙe sai ta ga matan sun ja da baya sun bar mata fili. Ba wadda ta ce mata sannu. Tsoron da bai zo da wuri ba ya iso yanzu gaba ɗaya.

"To, ka yanka," in ji Bibata a hankali, tana kaɗe zane. "Wa za ya ci?"

Ba ta kai ga amsawa ba sai ga Dodo yana tahowa daga wajen mashigi. Kamyonsa na ƙetare yana jiran bak, shi kuwa yunwa ta sa ya ari wani ɗan jirgi ya tuƙo kansa. Matafiyi ne, ba mai tuhumarsa da rashin Juma'a. Ya dubi san, ya dubi hannun Ajuma, ya dubi wuƙar da ke ɗiga. Tun rasuwar yayansa, yau ne karo na farko da bai ce mata matata ba.

"An sallame," ya ce. "Na jiyo hayaniya daga gari. Yanzu za ki ga Jibo mahauci da mutanensa."

"Ka ce kai ka yanka."

"Da mi? Da haƙori?" Ya miƙo hannu. "Kawo."

"Faɗi kawai za ka yi, Dodo. Ba sai na ba ka ba."

"Jibo ba yaro ba ne. Zai duba wuƙa tana hannun wa, jini yana jikin wa. In kin fi son su same ki haka, shi ke nan, ni in wuce in nemi tuwo."

Ajuma ta dubi san, ta tuna dusar da ta sha ɗaukowa a ka, ta tuna jirgin. Ta dubi wuƙar. Ta san hannun nan da aka miƙo mata, in ya kama ba ya saki. Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta ji ta tsani Dodo, ta tsani san da kwaɗayinsa, har Sallau da ya tafi ya bar ta da wannan sai da ta ji haushinsa. Can a kan hanya fararen riguna sun fara bayyana. Ta juya wuƙar ta kama ta ta baki, ta miƙa masa mariƙin, yadda ake miƙa wuƙa.

Dodo ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu a jinin da ya taru a ƙasa, ya shafa har sama. Bibata ta ja Ajuma bakin ruwa ta wanke ta, ta yafa mata nata mayafin. Maginin ya koma gindin giginya wajen kwanonsa, don shi ba wanda zai tambaye shi komai.

Jibo ya iso yana haki, carbi a hannu, maza na biye da shi. Bai gaida kowa ba, ya tsuguna ya buɗa wuyan da yatsa.

"Wa ya yanka?"

"Ni," in ji Dodo.

"Ya motsa?"

"Tambayi Bibata. Ita ya kayar."

Jibo ya ƙara duban yankan, ya gyaɗa kai. "Ja ɗaya, ba a ɗaga hannu ba, ƙulli na wajen kai. Wallahi a rumfata akwai wanda bai iya wanga ba. Ashe ba tuƙi kaɗai ka iya ba."

Maza suka shiga sa wa Dodo albarka. Wani ya ce Allah ne ya jefo shi, wani ya ce ai hannun Sallau ya gado. Dodo ya goge wuƙar a jikin san, ya ɗaga ta ya duba, ya juyo da fara'arsa ta kullum.

"Matata, miƙo kuben mana, kada in yanke kaina ki rasa miji."

Aka yi dariya. "Ba shi, Ajuma," in ji Jibo. "Yau dai kin ga amfanin ta zauna hannun namiji. Da bai zo ba, kina nan tsaye da wuƙa a ƙugu ungulaye su yi biki."

Ta juya baya ta kwance igiyar daga ƙugunta. Kowa ya ɗauka kunya ce ta sa ta sunkuyar da kai.

Nama ya sayu. Abin da aka samu bai kai jirgi ba, amma ya kama hanya. Gari ya ci, har gidan Malam Zakariya'u sai da Jibo ya aika da hanta. Ajuma ba ta sa a baki ba, ta ce cikinta ne ba daɗi. Matan da suka kama wutsiya ma, ta lura, miyar kifi suka yi a ranar, amma ba wadda ta buɗe baki ga mijinta. Dodo kuwa ya yi ta zagaya gari da hannun riga a naɗe, kube a dantse, yana amsa gaisuwa, kafin ya sake lodi ya ƙetare.

Aiki ba ya jiran ɓacin rai. Ajuma ta tono 'yar wuƙar Faransa daga bayan randa, inda ta jefar da ita. Ƙananan kifi ta gyara su da kyar. Da ta zo kan wata ƙatuwar tarwaɗa, tana dannawa a ƙashin kai sai wuƙar ta ninke a kan yatsanta. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Amma ba ciwon yatsa ne ya hana ta sakat ba. Duk wanda ta gani yana sakace sai ta ce a ranta ta ciyar da Musulmi mushe, har da malaminsu.

Da abin ya ishe ta, ta zaɓi busasshen kifi mai kyau ta nufi gidan Malam da hantsi. Ta same shi a zaure yana fiƙe alƙalami. Ta ajiye kifin, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, tambaya ce anka aiko ni da ita."

"Wa ya aiko?"

"Wata mata ce can wajen Karakara. Akuyarta ta faɗi za ta mutu, ba namiji kusa, sai ta yanka da kanta."

"Tana salla?"

"Tana yi."

"Ta ambaci sunan Allah? Ta yanke abin da ake yankewa?"

"Duk ta yi."

"To, su ci akuyarsu." Ya ci gaba da fiƙa.

Ajuma ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Mace fa, Allah gafarta Malam."

"Na ji ki. A littafi yankan mace ya halatta. An fi son namiji in yana nan, amma ba mushe ba ne."

"Tun yaushe?"

Malam ya yi murmushi. "Tun kafin a kafa Gaya."

"To mi ya sa ba mu taɓa ji ba?"

"Wa ya taɓa tambaya? Ku ne ke fitowa da kaji kuna neman maza." Ya hure bakin alƙalamin, ya rage murya. "Amma ki gaya wa matar nan ta Karakara, ba sai ta yi shela ba. Mutanenmu ba da littafi suke cin nama ba." Ya gwada alƙalamin a farce. "Hantar nan ta ranar Juma'a ta yi daɗi ƙwarai."

Ba ta san ko da wata manufa ya faɗa ba, don idonsa na kan alƙalami.

Da ta fito, abin da ta fara ji shi ne sauƙi, kamar an sauke mata tulu daga ka. Kafin ta kai ƙarshen layin sauƙin ya juye ya zama fushi. Ashe ba ta yi laifin komai ba. Ashe a banza aka wanke ta a ɓoye, a banza ta miƙa mariƙin nan. An ce mata Dodo ya komo jiya, don haka ba ta bi ta gida ba, ta wuce tasha kai tsaye tana shirya magana a ranta. Za ta faɗa a gaban kowa, wanda zai yi amai ya yi, sannan ta karɓi abarta.

Ta same shi ya buɗe gaban motarsa ya cusa rabin jiki a ciki. 'Yan'uwansa shoferori na zaune a inuwar wani kamyo suna cin goro.

"Dodo, fito."

Ya fito da baƙin mai har goshi. "A'a! Matata ta biyo ni tasha. Ku shaida."

"Ba wasa ya kawo ni ba. Ku ji da kyau, ku duka. San nan da kunka ci ranar Juma'a, ni na yanka shi, da hannuna. Wanga bai yanka komai ba, jini kawai ya shafa."

Sai wani shofer ya fashe da dariya har goro ya sarƙe shi, sauran suka bi.

"Kai, wasan mutanen nan ya kai!" in ji ɗaya. "Dodo, rama mana."

"Gaskiya ta faɗa," in ji Dodo yana share ido da bayan hannu. "Ita ta yanka. Gadar can ma ita ke ginawa, Nasara kallo kawai suke."

"Ku tambayi Bibata! Ku tambayi Malam, ya ce ya halatta!"

Nan dariyar ta ƙaru. Tana ƙara ɗaga murya, suna ƙara riƙe ciki. Ta rantse da Allah, wani dattijo a cikinsu ya ɗaure fuska ya ce ta bar sa sunan Allah cikin wasa. Sai ta dubi dantsen Dodo, ba komai a kai.

"Ina wuƙar?"

"Au, ita kinka biyo? Ai da kin faɗa tun farko." Ya hau mota ya jawo akwatin ƙarafa daga ƙarƙashin kujera, ya tona tsakanin ƙusoshi da tsummoki, ya zaro ta. "Ɗauki abarki. Ta dame ni a dantse, in ina juya mota sai ta yi ta tokare ni. Kuma ƙarfen ƙauye ne, ba ƙwari. Turnabis ɗina, abin kwance ƙusa, ya ɓace a hanyar Faraku, na ɗan murɗa ƙusa da ita, sai ta ce ɓas."

Tsinin ya karye, kusan gaɓar yatsa babu. Bakin ya zama giɓi-giɓi, mariƙin ya sha baƙin mai. Ajuma ta shafa ta da babban yatsa, ko fata ba ta ja ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, Dodo ba da mugunta ya yi ba. Ya yi shekaru yana son wuƙar nan, ya same ta, sai ya rasa abin da zai yi da ita.

"Kuben fa?"

"Kube?" Ya dubi abokansa kamar su za su sani. "Ina jin a Malanbil na bar shi, ko a Kandi. Fata ce kawai, ki sa baduku ya ɗinka miki wani."

Ta goge man a gefen zane. Ta kai hannu ƙugu za ta soke ta, ta tuna ba inda za ta shiga. Sai ta riƙe ta a hannu, baki ƙasa, ta juya ta bi ta tsakiyar kasuwa, don ita ce hanyar da ta fi kusa zuwa kogi. A bayanta ana ta dariya. A gabanta kuwa, masu talla da 'yan dako da suka ga mace tafe da wuƙa tsirara, ido jawur, sai suka riƙa janye kaya suna ba ta hanya.

A rumfar mahauta Jibo ya ɗaga kai zai yi mata barkwanci. Ya dubi hannunta, ya ga yadda ta kama mariƙin, babban yatsa kwance a bayan ƙarfe, irin riƙon da shi ma yake yi in zai yanka dabba. Ya daɗe yana bin ta da kallo, sannan ya haɗiye maganar ya koma kan namansa.